Wa Zai Ɗauki Nauyin Ɗan Gudun Hijira? Daga Siriya Zuwa Birnin Gwari



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Mai girma shugaban taro, wakilin Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Hakimai da dagatai, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa matasa da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Tambayar da aka ɗora mini ita ce: shin wajibi ne ƙasashe masu arziki su karɓi 'yan gudun hijirar Siriya? Na san akwai mai cewa a ransa, Malam, ina ruwan Birnin Gwari da Siriya, mu da namu ya ishe mu? Ai namun ne ya sa muke da ruwa. Da wuya a sami mutum a cikin wannan ɗaki wanda bai taɓa gudu ba, ko bai taɓa saukar da wanda ya gudo ba. 'Yan majalisar Turai da suka shekara goma suna wannan muhawara a takarda suka karanta gudun hijira, mu kuwa a zaurukanmu ta kwana. Don haka muna da bakin magana.

Ba zan ɓoye matsayina ba. Eh, wajibi ne su karɓa. Amma hukuncin da zan yanke wa Jamus da Amurka da Saudiyya, shi zan yanke wa Kaduna da Abuja da mai hali na cikin garin nan, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A watan Maris na 2011 aka fara zanga-zanga a garin Dar'a da ke kudancin Siriya, bayan an kama wasu yara saboda rubutun sukar gwamnati da suka yi a jikin bango. Gwamnatin Bashar al-Assad ta amsa da harsashi, kafin a ankara abu ya rikiɗe ya zama yaƙin basasa. Mutanen ƙasar wajen miliyan 21 ne a lokacin. Da yaƙin ya yi nisa, fiye da rabinsu sun bar gidajensu: sama da miliyan 6 sun ƙetare iyaka, kusan adadin haka kuma suna gararamba a cikin ƙasar tasu. Halab, birnin da ya girmi Kano nesa ba kusa ba a harkar fatauci, unguwanninsa na gabas suka koma kufai.

To, su wa suka sauke su? Turkiyya ta ɗauki sama da miliyan 3.6 a lokacin da abin ya kai ƙololuwa. Jodan ta yi rajistar sama da 600,000, kuma sansaninta na Za'atari da aka buɗe a 2012 ya zama gari guda mai mutum wajen 80,000 a tsakiyar hamada. Labanan kuwa, wadda faɗinta bai ninka ƙaramar hukumar Birnin Gwari sau biyu ba, ta yi rajistar sama da miliyan ɗaya tun a 2014. Ku riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin maganata. Alƙaluman hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun daɗe suna nuna cewa wajen kashi 70 cikin ɗari na masu gudun hijira a duniya suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yawanci maƙwabtan inda suka baro. Mai ƙaramin ƙarfi ne ke ɗauke da kayan. Mai babban ƙarfi shi ne ke muhawara a kan ko zai kama masa.

Turai ba ta san zafin abin ba sai a 2015, lokacin da mutane suka riƙa cika kwale-kwalen roba daga gaɓar Turkiyya zuwa tsibiran Girka. Fiye da mutum 3,500 Bahar Rum ta cinye a wannan shekara kaɗai. A ranar 2 ga Satumba aka tsinci gawar wani yaro, Alan Kurdi, wanda bai wuce shekara uku ba, kife a bakin ruwa kusa da Bodrum, da jar riga da takalmansa a ƙafa. Kwana biyu kafin nan shugabar gwamnatin Jamus, Angela Merkel, ta ce wa mutanenta za su iya, kuma a shekarar Jamus ta karɓi masu neman mafaka wajen 890,000 daga ƙasashe daban-daban. Kanada ta ɗauko 25,000 cikin 'yan watanni. Birtaniya ta yi alkawarin 20,000 a shekara biyar. Hangari ta kafa shingen waya a kan iyakarta. A watan Maris na 2016 Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya, ta yi alkawarin Yuro biliyan 6 domin a tsare mutanen a can. Amurka ta karɓi sama da 10,000 a shekarar ƙarshe ta Obama, sai Trump ya hau a Janairun 2017 ya sa hannu a dokar rufe wa 'yan Siriya ƙofa.

Masu cewa kada a karɓa ba mahaukata ba ne, kuma ba dukansu ne marasa imani ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta tsaro, kuma ba zan raina ta ba, domin mu mun fi su sanin ta. A harin Paris na 13 ga Nuwamban 2015, inda aka kashe mutum 130, biyu daga cikin maharan sun shigo Turai ne ta wani tsibirin Girka, sun saje da masu gudu, riƙe da fasfon Siriya na jabu. A watan Agustan 2024 wani ɗan Siriya ya kashe mutum uku da wuƙa a garin Solingen na Jamus. Waɗannan sun faru, babu mai musu. Amma yawancin maharan Paris 'yan Faransa da Beljiyam ne, a can suka tashi, a can suka lalace. Kuma kusan 'yan Siriya miliyan guda ne suka zauna a Jamus, wasunsu kuwa irin waɗannan maharan ne suka koro su daga gida.

Jama'a, shin ba ku ji kamar kun taɓa jin wannan magana ba? Idan aka tashi ƙauye da dare, da safe mutanensa suka shigo gari da tabarmi a ka, ba a kai la'asar sai ka ji ana raɗa a majalisa: a yi hattara, akwai infoma a cikinsu. Kuma gaskiya ne an sha kama infoma. Amma ku faɗa mini tsakaninku da Allah, duk infoman da aka kama baƙi ne? Wanda ke kai wa mutanen daji fetur a jarka, da mai kai burodi, da mai kai ƙwaya, da mai buga waya ya ce wane ya sayar da masara yau, daga wani gari aka aiko mana su? Da yawansu tare muke sallah da su.

Wanda wannan zargi ya fi ci shi ne Bafulatanin da ya gudo. Ɓarayin daji sun kore masa shanu, wataƙila sun kashe masa ɗa don ya ƙi shiga cikinsu. Ya nufo gari yana neman inda zai ɓuya, sai ya tarar kamanninsa kaɗai sun isa a tuhume shi. Ya shiga kasuwa a bi shi da kallo, ya haɗu da 'yan sa-kai a hanya bai san ko zai kwana a duniya ba. To ina zai nufa? Da dama daji suka koma, wurin waɗanda suka cuce su, domin can ne kaɗai ba a tambayar su dalilin zuwa. Duk ƙofar da muka rufe wa mai gaskiya, mun ƙara wa ɓarayi mutum ɗaya ne. Haka masu da'awar jihadi na Da'esh suka riƙa murna da kowane shinge da Turai ta kafa, domin yana gaskata abin da suke faɗa wa matasa, cewa babu mai son su.

Maganin tsoro tantancewa ce, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kaka da kakanni, baƙo ba ya kwana a unguwa sai mai masaukinsa ya kai shi gaban mai unguwa, an san daga ina yake, ɗan wane ne, me ya kawo shi. Da wannan tsari fataken Hausawa suka zauna lafiya a zangon Kumasi da Salaga da Sabon Ibadan: maigida ya sauke ka, ya tsaya maka, idan ka yi ɓarna shi za a fara tambaya. Kanada tana da irinsa tun 1979, inda mutum biyar za su haɗu su ɗauki nauyin iyali guda na shekara ɗaya, su nema musu ɗaki, su kai yaransu makaranta. Amurka kuwa a da takan shafe wata 18 zuwa 24 tana binciken ɗan gudun hijira kafin ya taka ƙasarta. Ƙasar da ke da irin waɗannan ma'aikata da na'urori ba za ta ce ta kasa bambance uwa mai goyo da ɗan ta'adda ba.

Sai batun kuɗi. Gaskiya ne Jamus ta kashe biliyoyi, gaskiya ne an yi ƙarancin gidaje da ajujuwa, kuma fushin da hakan ya haifar ya taimaka wa jam'iyyar masu ƙin baƙi ta AfD ta shiga majalisar tarayya a 2017. Amma yau 'yan Siriya ne suka fi kowace ƙasa yawa a cikin likitoci baƙi da ke aiki a Jamus, sun haura 5,000, har ƙungiyar asibitocin ƙasar ta yi gargaɗin cewa tafiyarsu za ta bar giɓi. Mu ma shaida ne a kan abin da baƙo daga wannan yanki kan zama idan an bar shi ya yi sana'a: Kantin Kwari na Kano a kan shagunan 'yan Siriya da Labanan ya kafu.

Akwai masu cewa a taimake su a can kusa da gida, ya fi arha, ya fi sauƙin komawa. Magana ce mai ma'ana, da an cika ta. A watan Disambar 2014 Hukumar Abinci ta Duniya ta dakatar da tallafin abinci ga 'yan Siriya miliyan 1.7 saboda asusunta ya ƙare. A 2015 abin da ake bai wa mutum ɗaya a Labanan ya sauko zuwa dala goma sha uku da rabi a wata. A wata fa, ba a mako ba. A wannan shekarar ce kwale-kwalen suka cika. Wanda ya hana ka shiga gidansa, ya kuma hana a kai maka tuwo inda kake, ba taimako yake nufi ba.

Kuma kada mu tsaya a kan Turawa, mu yi shiru a kan namu. Saudiyya da Kuwait da Katar da Daular Larabawa suna cikin mafiya arzikin duniya, addininsu ɗaya da yawancin masu gudun, harshensu ɗaya. Ba su sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba. Sun ba da kuɗin agaji, kuma suna cewa 'yan Siriya da yawa na zaune a cikinsu da takardar zama. Amma takardar zama aba ce da ake sokewa ranar da aka ga dama, mafaka kuwa haƙƙi ce. Ga shi kuma wasu ƙasashen yankin, tare da Rasha da Iran da Amurka da Turkiyya, sun zuba makamai ko kuɗi ko sojoji a wannan yaƙi. Wanda ya sa itace a wuta ba shi da hujjar korar wanda ya ƙone.

Mu Musulmi ma bai kamata a koya mana wannan ba. Hijirar farko a Musulunci zuwa Afirka aka yi ta, a shekara ta biyar da aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sahabbai suka ƙetare teku zuwa Habasha, wurin Najjashi, sarki Kirista. Ƙuraishawa suka aiko Amru ɗan Asi da kyaututtuka a ba su mutanensu. Najjashi ya saurari Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, ya ƙi miƙa su. Abin da sashe na 33 na yarjejeniyar 1951 ya tanada ke nan, cewa ba a mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari, kuma wani sarkin Afirka ya riga su aiki da shi da fiye da shekara dubu. Mutanen Madina kuwa raba gida da gonar dabino suka yi da Muhajirai, har Alƙur'ani ya yabe su a Suratul Hashri.

Yanzu mu dawo gida.

Ba sai na ba ku labarin abin da kuka gani da idonku ba, amma saboda yaran da ke nan da waɗanda za su karanta wannan daga baya, bari a faɗa. A watan Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka. A farkon watan Mayu na shekarar aka afka wa Gwaska da rana tsaka, aka kashe fiye da mutum 40. Dajin Kamuku, wanda aka ɗaga zuwa gandun daji na ƙasa a 1999 don a riƙa zuwa kallon giwaye, ya haɗe da Kuyambana ya zama maɓoyar masu garkuwa da mutane. Hanyar Kaduna, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a da, ta koma sai da rakiyar sojoji, mutum ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiya aikin Hajji a zamanin ƙafa. A 2021 aka katse layukan waya. A 2022, da rikicin 'yan ƙungiyar Ansaru da 'yan bindiga ya yi ƙamari a gabashin Birnin Gwari, mutanen Damari suka watse. Manomi a ƙasar da ke ciyar da jama'a da masara da waken soya da shinkafa ya koma biyan haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Mutumin Kakangi ko Randagi ko Kuyello ko Dogon Dawa da ya bar rumbunsa cike ya fito da rigar jikinsa, ba sha'awar birni ce ta fito da shi ba.

Ina suka sauka? Kaɗan ne suka ga wani abu mai suna sansani. Wasu sun kwana a ajujuwan firamare, wasu a kangon da ba a gama ginawa ba, wasu suka wuce Kaduna da Zariya da Funtuwa. Amma akasarinsu gidajen 'yan'uwa suka shiga, kuma kun san irin gidajen. Na san gidan wani tela, ɗaki uku da zaure, da mutum tara a ciki. Ƙanwar matarsa ta iso bayan magariba da 'ya'ya biyar da uwar miji, an kashe maigidanta a gona. Bai kira taro ba, bai ce a ba shi lokaci ya yi nazari ba. Ya kwashe keken ɗinkinsa daga zaure ya kai rumfa, ya shimfiɗa tabarma. Tiyar masarar da ake tuƙawa da dare ita ce dai ba ta ƙaru ba, sai malmala ta ƙanƙance. Uwargida ta koma tsinka miya da ruwa, tana cewa ta ƙoshi alhali ba ta ci ba. Babu hukumar da ta rubuta sunan wannan tela, babu wanda ya kawo masa ko da mudu ɗaya, domin idan ma an kawo tallafi, wanda ya gudo ake nema, ba a lissafa wanda ya sauke shi. Irin wannan gida shi ne Labanan ɗinmu, kuma suna da yawa a kowace unguwa.

Ku je kasuwa ranar da take ci, ku tsaya inda ake auna hatsi. Za ku ga mata da 'yan kwanoni suna tsince ƙwayoyin da suka zube a ƙasa, suna busar da ƙurar. Cikinsu akwai waɗanda a gidajensu ake fitar da zakkar buhu-buhu shekarun baya. Mazansu, waɗanda suka rage, su ne ke tura kurar ruwa da yin dako.

To su wa ne ƙasashe masu arziki a wannan labari namu? Gwamnatin tarayya ce da ta jiha. Attajiran Kaduna da Kano da Abuja ne waɗanda rumbunansu suka cika da hatsin wannan ƙasa shekara da shekaru, da masu sayen zinaren da ake haƙowa a dazukanmu, da dillalan da shanun sata suka bi ta hannunsu ba su tambayi mai su ba. Har da ɗan garin nan da Allah ya buɗa wa, ya kwashe iyalinsa ya mayar Kaduna, ya kulle gida mai ɗaki goma ya bar maigadi, alhali marayu na kwana a kango a bayan katangarsa. Ban ce kada mutum ya tsira da iyalinsa ba. Na ce a bar wa wani mabuɗin.

A kan takarda ba mu da matsala. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta ɗora wa gwamnatocin Afirka alhakin kula da waɗanda rikici ya raba da gidajensu a cikin ƙasarsu, tun a 2012. Amma sai a 2021 aka amince da manufar ƙasa a kan lamarin, shekara tara bayan nan. Babban shirin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya kuwa Borno da Adamawa da Yobe ya fuskanta, kamar yunwar Arewa maso Yamma wata iri ce daban. Jamhuriyar Nijar, wadda kullum take can ƙasa a jerin ƙasashe ta fuskar arziki, ita ce ta fara mayar da Yarjejeniyar Kampala dokar ƙasa a duk Afirka, a watan Disambar 2018.

Kuma ba a takarda ta tsaya ba. Daga 2019, da 'yan bindiga suka addabi Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubun-dubatar 'yan Nijeriya suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, yawancinsu mata da yara. Ƙauyukan yankin Gidan Rumji, waɗanda su kansu ba kowace shekara abincinsu ke kai su damina ba, su suka sauke su a cikin gidajensu. Daga baya aka matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda suke shan rijiya ɗaya da 'yan gari, yaransu na aji ɗaya. Mu da ke kiran kanmu giwar Afirka, talakan Nijar ne ya rufa wa namu asiri.

Maraɗin ma ai masu gudu ne suka raya ta: sarakunan Katsina da jihadi ya kora su suka kafa mulki a can. Sarakunan Zazzau na Haɓe kudu suka yi, zuriyarsu ta kafa Abuja ta asali, wadda ake kira Suleja yau. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa hijira ya yi daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya fita da jama'a gabas don kada ya zauna ƙarƙashin Nasara, ya yi shahada a Burmi, waɗanda suka tsira suka bi ɗansa har Sudan, aka ba su wuri a bakin kogin Nilu, garin Mai Wurno yana nan har gobe. Babu zuriyar da za ta bugi ƙirji a ƙasar Hausa ta ce ba a taɓa saukar da kakanninta ba.

Mun kuma ɗanɗana ɗaya ɓangaren, mun ɗanɗana wa wasu. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawa da Yarabawa da aka haifa a can suka dawo ƙasar da ba su sani ba, sun bar gidaje da shaguna. A Janairun 1983, da kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu 'yan makonni su fice, wajen mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Jakar da suka zuba kayansu a ciki har yau da sunan wannan kora muke kiran ta. Tattalin arzikinmu bai gyaru ba don sun tafi.

Saura magana ɗaya, ita ce ta komawa gida, kuma ita ta fi damuna a yanzu. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garin nan, aka karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka sake buɗe kara. Ba a yi mako biyu ba, ranar 8 ga Disamba, Assad ya tsere zuwa Rasha. Kafin a kwana biyu, Jamus da Ostiriya da wasu ƙasashen Turai suka dakatar da duba takardun 'yan Siriya masu neman mafaka, wasu 'yan siyasa har suna maganar hayar jirage. Mutane da yawa sun koma da kansu, domin babu wanda ya ƙi gida. Amma wanda zai koma Halab ko Hims, gidan da zai shiga babu rufi, unguwar babu ruwa, gonar cike da nakiyoyi.

Mu ma mun ga amfanin sulhu, kada a ce na ƙi faɗa. Motoci na bin hanya, kasuwa ta dawo, an shiga gonakin da aka shekara da shekaru ba a taka ba. Allah ya ɗorar. Amma matar da za a ce ta koma ƙauye, ta san fuskar wanda ya harbe mijinta, kuma za ta gan shi ranar kasuwa. Makarantar garin ta rushe, asibitin babu ma'aikaci, rijiyar ta cushe, babu sa, babu garma, babu iri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita za ta ce lokacin komawa ya yi, ba mai masaukin da ya gaji ba, ba kuma jami'in da ke son a ce komai ya wuce ba. Wadda ta ce ba za ta koma ba, ta zama 'yar gari, a ba 'ya'yanta gurbi a makaranta kamar kowa.

Don haka ina roƙon iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku buɗe littafi a kowace unguwa, a rubuta wanda ya gudo, a rubuta wanda ya sauke shi, Bahaushe ne ko Bagware ko Bafulatani, domin idan tallafi ya zo a raba da mai masauki, kuma zargin infoma ya daina faɗawa kan wanda aka san asalinsa. Malamanmu, matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka. Ku faɗa a kan mumbari cewa zakkar hatsin bana ta fara da su. 'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya, ku nemi a sa gyaran makarantu da asibitoci da rijiyoyin garuruwan da aka tasa a cikin kasafin kuɗi, da sunan kowane gari, kafin a ce kowa ya koma. Kai kuma mai gidan da ke kulle, ka nemi mai unguwarku kafin Juma'a mai zuwa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.